Yarinyar da Ba Ta Son Cewa Ban Sani Ba

A garin Diffa, a wata unguwa da ke kusa da kogin Komadugu, an yi wata yarinya mai kaifin kai. Tana aji shida, ajin ƙarshe na firamare. Babanta, Malam Laminu, yana sayen tattasai wurin manoma, ya shanya shi a filin bayan gida, in ya bushe ya ɗura a buhuna.

Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka Uwata yake kiranta. 'Yan ajinsu kuwa wani suna suka laƙa mata: Ai-na-sani.

Ba su yi mata ƙage ba. Malami bai gama buɗe baki ba, hannunta ya riga ya tashi sama. Kuma gaskiya sau da yawa amsarta daidai ce. Lissafi kamar shan ruwa take yin sa. Abu ɗaya ne bakinta ya ƙi furtawa tun da ta iya magana, wato "ban sani ba". Ko sunan limamin wani gari ka tambaye ta, sai ta nemo maka amsa.

Wata rana malaminsu, Mushe Harisu, ya shigo aji da labari. Mushe suke ce wa malamin boko, kalmar da aka aro daga faransanci.

Ya ce, "Za a yi gasa tsakanin makarantun Diffa. Kowace lakwal yaro ɗaya za ta aika. Ran Juma'a zan gwada ku. Wanda ya fi kowa, shi zai wakilce mu."

Yarinyar ta gyara zama. A zuciyarta an riga an gama zaɓe. Har ta fara tunanin ɗankwalin da za ta ɗaura ranar gasar.

Mushe Harisu ya ci gaba. "Ban da lissafi, akwai tambayoyin tunani. Za a ba ku ɗan labari, sannan a kawo wata magana a ƙarƙashinsa. Amsa uku ce: gaskiya, ko ƙarya, ko ba za a iya sani ba. Ku zaɓi ɗaya."

Yarinyar ta taɓe baki. Ta juya wurin Faridatu, wadda suke zama benci ɗaya. Faridatu 'yar wani soja ce da aka kawo aiki Diffa daga Dosso. Ba ta da hayaniya, kuma takan karanta tambaya har sau biyu kafin ta taɓa alƙalami.

Yarinyar ta yi mata raɗa, "Amsa ta ukun nan ta malalata ce. Yaya mutum zai zo lakwal ya rubuta bai sani ba?"

Faridatu ta ce, "To in ba a faɗa ba fa?"

"Sai ki yi tunani ki gano. Kai mi ne ne amfaninsa?"

Ran Juma'a aka yi gwajin. Yarinyar ta gama lissafi kowa yana tsakiya. Ta juya takarda zuwa tambayoyin tunani. Da faransanci aka rubuta su, amma ga abin da ta farko take cewa:

"Duk manomin da ke da injin ban ruwa a ƙauyen nan, tattasai yake nomawa. Maina yana noman tattasai. Magana: Maina yana da injin ban ruwa."

Dariya ta kusa ƙwace mata. Ita za a tambaya zancen tattasai? Ita da ta buɗe ido ta ga tattasai a tsakar gida? Ta sha zuwa gonakin bakin kogi da babanta, ta ga injuna suna ƙara, ruwa yana bin kwalbati. Ta zaɓi gaskiya, ta wuce. Haka ta bi sauran tambayoyin a guje. Ko sau ɗaya ba ta zaɓi amsa ta uku ba.

Da yamma Mushe Harisu ya dawo da takardu a hammata.

Ya dube ta ya ce, "Lissafinki babu kuskure. Amma tambayoyin tunani, rabi kika faɗi."

Wani yaro a baya ya ce, "Ai-na-sani ba ta sani ba!" Aka fashe da dariya. Ta ji kunya har cikin ƙashinta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta miƙe ta ce, "Mushe, tambayar Maina fa? Kowa ya san mai tattasai sai da inji."

"Wa ya gaya miki Maina yana da inji?"

"Ai na sani."

"Takardar ta gaya miki?"

Ta kawar da kai gefe.

Mushe Harisu ya ce, "Takardar cewa ta yi duk mai inji yana noman tattasai. Ba ta ce duk mai noman tattasai yana da inji ba. Wataƙila Maina aron na maƙwabcinsa yake yi. Wataƙila da guga yake ɗibar ruwa. Wataƙila kuma yana da nasa. Ba za a iya sani ba."

"Amma Mushe, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Zauna."

Ya duba takardunsa ya ce ita da Faridatu sun yi kunnen doki. Ita ta fi a lissafi, Faridatu ta fi a tunani. Ran Litinin zai sake gwada su su biyu, kuma tambayoyin tunani kaɗai zai ba su. Wadda ta ci, ita za ta je gasar.

Ta koma gida tana cika tana batsewa. A hanya ta yi ta gaya wa kanta cewa Mushe ne ya murɗa tambayar. Ta tabbata ita ke da gaskiya.

Washegari Asabar ce. Inna, mahaifiyarta, ta tafi suna wata unguwa tun da safe. A gidan kuwa ƙanenta Awalu ya hana kowa sakat da murna. Shekararsa bakwai, kuma Baba ya yi masa alkawarin zai kai shi kallon kokawa bayan la'asar. Tun farkon mako yake kama turmi yana kayarwa.

Bayan azahar sai aka ji muryar Baba daga bayan gida.

"Inna lillahi! Wa ya yi mini wannan aiki?"

Yarinyar ta fita a guje. An bi ta tsakiyar shanyar tattasai an tattake. Tattasan da bai gama bushewa ba ya farfashe, ya cakuɗe da ƙasa. Baba ya tsuguna yana tsinta, ransa a ɓace.

Ya ce, "Wannan na wani mutum ne da zai zo ɗauka jibi. Ko wane ne ya yi, ba zai ɓoyu ba. Duk wanda ya tattake shanya, ƙafarsa sai ta yi ja."

Ana cikin haka sai ga Awalu ya shigo daga waje, ba takalmi. Yarinyar ta kalli ƙafafunsa. Jawur suke, har tsakanin yatsu.

Ta nuna shi da yatsa. "Baba, ga shi nan! Dubi ƙafarsa!"

Awalu ya tsaya cak. Ya ce, "Ni? Ba ni ba ne. Inna ce ta..."

"Inna ba ta nan tun safe. Kada ka jingina da ita."

"Yaya, wallahi ni wurin..."

"Baba ya ce duk wanda ya tattake shanya ƙafarsa sai ta yi ja. Ƙafarka ta yi ja. To mi ya rage?"

Awalu yaro ne da in kuka ya zo masa, magana sai ta sarƙe. Ya buɗe baki, sai shessheƙa kawai ke fita.

Baba ya dubi 'yarsa ya ce, "Uwata, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba. Ai na sani. Kokawarsa yake yi ya faɗa ciki."

Baba ya daɗe da yarda da kan 'yarsa. Ita ke karanta masa duk abin da aka rubuta da faransanci. Bai ƙara bincike ba. Ya ce wa Awalu, "Ba duka zan yi maka ba. Amma kokawar yau babu kai. Zauna nan ka tsince mai kyau daga wanda ya lalace."

Bayan la'asar Baba ya sa hula ya fita shi kaɗai. Daga nesa ana jin kiɗan filin kokawa da ihun mutane. Awalu yana zaune cikin shanya, yana tsintar tattasai yana share hawaye da bayan hannu. Duk sanda ya taɓa ido, yaji ya shiga, kukan ya ƙaru.

Gab da magariba Inna ta dawo. Baba ma ya shigo a bayanta. Ta ga fuskar Awalu a kumbure.

Ta ce, "Kai kuma mi ya same ka? Ba ka je kokawar ba?"

Yarinyar ta karɓe zancen. Ta ba da labari tiryan-tiryan, har da yadda ta gano mai laifi.

Inna ta ajiye mayafinta. Ta ce, "Jar ƙafa? Ai ni na aike shi. Kafin in fita na ce in rana ta yi, ya kai mini tattasan miya wurin mai injin niƙa. Kin taɓa shiga wurin nan? Garin tattasai ne ko'ina a ƙasa. Kaza ma in ta shiga, da jar ƙafa za ta fito."

Ta shiga ɗakin girki, ta fito da kwano cike da niƙaƙƙen tattasai. Awalu ya ajiye shi tun da rana, kafin ya zagayo bayan gida.

Inna ta juyo wurin 'yarta. "Kin gan shi da idonki a cikin shanyar?"

"A'a, Inna."

"Wani ya ce miki ya gan shi?"

"A'a."

"To mi ya sa kika ce kin tabbata?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta kalli ƙafar Awalu, ta kalli kwanon. Sai Maina na takardar gwaji ya faɗo mata a rai. Duk mai inji yana noman tattasai, amma ba duk mai tattasai ke da inji ba. Duk wanda ya tattake shanya ƙafarsa takan yi ja, amma ba duk mai jar ƙafa ne ya tattake shanya ba. Kuskuren jiya ne ta sake yi. Jiya maki ta rasa. Yau ƙanenta ne ya rasa kokawar da ya yi mako yana jira.

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya jawo Awalu jikinsa ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ni ma na yi gaggawa." Sannan ya dubi yarinyar. "To Uwata, in ba shi ba ne, wa ya yi?"

Sunaye suka fara zuwar mata. Yaran maƙwabta. Mai kiwon awaki. Mai tallan ƙosai da ke ratsawa ta filin. Bakinta har ya buɗe. Sai ta rufe shi.

A hankali ta ce, "Ban sani ba, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. "Ni ma ban sani ba. Gobe sai mu kewaye wurin da ƙaya."

Ran Lahadi da safe ta sami Awalu a ƙofar gida. Ya juya mata baya.

Ta ce, "Awalu, ka yafe mini. Na yi maka ƙage."

Ya ƙi waiwayowa.

"Ni zan tsince sauran tattasan. Kai ka zauna a inuwa."

Nan ne ya ɗan waiwayo. "Duka?"

"Duka."

Haka aka yi. Ta shiga rana tana tsinta, shi yana kan buhu a inuwa yana kaɗa ƙafa kamar mai gona. Tana aiki tana ba shi labarin gwajin gobe da irin tambayoyin da ake yi. Awalu ya saurara, sannan idonsa ya yi ƙyalli.

Ya ce, "Yaya, bari in yi miki tambaya. Duk jaki yana da kunne. Ke kina da kunne. To ke jaki ce?"

Ta ɗago da niyyar jifansa da tattasai. Sai dariya ta kama ta. Ta ce, "Ba haka ake juya magana ba."

"Jiya haka kika juya mini."

"Gaskiyarka."

Ya yi ta kawo mata irinsu, wasu ma ba kai ba gindi. Duk kifi yana cikin ruwa, kwalekwale yana cikin ruwa. Duk soja yana da hula, liman yana da hula. Tana amsawa tana gyara masa. Kafin azahar sun shirya, kuma Baba ya ce Asabar mai zuwa su biyun zai kai kokawa.

Ran Litinin, da aka tashi shan iska, Mushe Harisu ya tsayar da ita da Faridatu. Ya zaunar da ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ya miƙa musu takardu. Yara suka cika taga suna leƙe.

Wannan karon ba ta yi gudu ba. Takan karanta labarin, ta ɗora yatsa a kan kowace kalma, ta tambayi kanta, "Mi aka faɗa? Mi ba a faɗa ba?" Wasu ta ga gaskiya ne ƙarara. Wasu ƙarya ne. Sau biyu ta zaɓi amsa ta uku.

Sai ta iso tambaya ta ƙarshe:

"Duk wanda ya haye kogi ran kasuwa, a kwalekwale ya haye. Usmanu bai shiga kwalekwale ba ran kasuwa. Magana: Usmanu ya haye kogi ran kasuwa."

Ta ajiye alƙalami. Ita 'yar bakin Komadugu ce. Ta san a irin wannan lokaci ruwa ya janye. Ko a makon jiya ta ga mata sun tattare zane suna ratsawa da ƙafa, kaya a kai. Wata guda nan gaba ma yashi ne zai rage, har amalanke ya wuce. To ai Usmanu yana iya hayewa da ƙafa. Ba za a iya sani ba ke nan.

Ta kai alƙalami kan amsa ta uku. Sai ta tsaya.

Ta ce a ranta, "Wa ya ce ruwa ya janye? Ni na kawo wannan daga gida. Takardar ba ta faɗa ba."

Ta sake karantawa. Duk wanda ya haye, a kwalekwale ya haye. Duk. Ba a bar ƙofa ga mai ƙafa ba. Da Usmanu ya haye, da ya shiga kwalekwale. An ce bai shiga ba. Ashe bai haye ba. Nan babu wataƙila.

Ta zaɓi ƙarya, ta miƙa takardarta.

Mushe Harisu ya duba takardun nan take, bayan yara sun dawo aji. Yana bi da jan alƙalami, ajin yana kallon hannunsa. Daga nan ya cire tabarau.

Ya ce, "Kun yi ƙoƙari ku biyu. Har tambaya ta ƙarshe kuna tare. Faridatu, mi ya sa kika ce ba za a iya sani ba?"

Faridatu ta ce, "Mushe, na ga ana hayewa da ƙafa. Na ce ko Usmanu haka ya yi."

Yara da yawa suka ce, "Haka ne, Mushe! Ruwa ya janye!"

Mushe ya juya wurin yarinyar. "Ke fa? Gidanku ya fi na kowa kusa da kogi. Ba ki san ana hayewa da ƙafa ba?"

Ta miƙe tsaye. Ta ce, "Na sani, Mushe. Amma ba kogin unguwarmu aka tambaye ni ba. Kogin cikin takarda aka tambaye ni. Shi kuwa an ce duk wanda ya haye shi, a kwalekwale ne. Usmanu bai shiga ba, don haka bai haye ba."

Mushe Harisu ya yi murmushi. Ya ce, "Ke za ki wakilce mu."

Ajin ya ɗauki tafi. Faridatu ta ɗan ɓata fuska, don ita ma tana son zuwa. Sannan ta matso ta ce, "Saura kaɗan in kayar da ke."

"Saura kaɗan ƙwarai. Za ki riƙa yi mini tambayoyi kafin ranar?"

"Zan yi. Masu wuya ma."

Mushe Harisu ya buga tebur aka yi shiru. Ya ce, "Ku saurara, yara. Wannan darasi ba na gasa kaɗai ba ne. In an ba ku magana, ku tsaya kan abin da ta faɗa. Kada ku juya ta baya, kada ku ƙara mata naku. In hujja ta kai, ku faɗi amsa ba tsoro. In ba ta kai ba, ku ce ba ku sani ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ce ya tabbata alhali zato yake yi."

Yarinyar ta ji maganar ta zauna mata daram. Da aka tashi, ta rungume jakarta ta nufi gida da gudu, don ta kai wa Baba da Inna da Awalu albishir.